Rairayin Rafin Fakku

"...lafiya lau, amarya. Ya gajiyar zama?"

"Gajiya tana ga wanda ya aje ni. Matso, ƙazamin ango, na ji motsin leda. Mi ka kawo mani?"

Ni aron rariya ya shigo da ni gidan, bayan la'asar, amma da na ji an fara wasan jika da kaka sai na jawo kujera. Maƙwabtanmu ne nan Tambuwal. Dada kakar Gazali ce, an ɗauko ta daga Fakku saboda yanar da ta rufe mata ido, likita ya sa ranar Laraba za a yi mata aiki. Ita ko tun da ta ji wuƙa za ta taɓa ido take neman ƙofar gudu gida. Shi ne Gazali, jikan nata mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya sayo akwatin gilashi na kiwon kifi ya aje mata ƙofar ɗaki, wai ko kwaɗayin kallo ya zaunar da ita. Jajayen kifi fuɗu da ƙurungu biyu suna cikin bokiti, suna jiran a yi masu shimfiɗa.

"Tsakuwa ce, Dada, daga Sakkwato. Da shuɗiya da ja da ruwan ɗorawa. Taɓa ki ji."

Ta tura hannu, ta murza, ta kai ɗaya baki.

"Ke tsohuwa! Ba alewa ba ce!"

"Na sani. Haƙori nika gwadi."

"Wanne? Na sama ko na ƙasa? Su ke nan fa."

"Sun ishe ni in cije ka. Ruwaida, ki zama shaida," ta juyo inda ta ji numfashina. "Shekara sittin ina rege shinkafa, ina fid da tsakuwa ina watsarwa bayan danga. Yau ga mijina ya tai har birni ya ɗauko ta, da fenti. Wanga shi Allah ya haɗa ni da shi."

"Ilimi ne, amarya. Tsakuwa ta fi. Ƙazantar kifi ta faɗa tsakaninta, in sa tiyo in zuƙe. Rairayi dama ruwa shikai, ya toshe injin kumfa."

"Injin mi?"

"Kumfa. Shi ka ba su iska."

"Kifin garinmu wa ka tsayawa shina hura mai? Kai dai ka samu ragwayen kifi irinka. Kuma in tambaye ka, kai bisa tsakuwa kaka kwana?"

"Ni kifi ne?"

"Da ka samu daraja. Ƙurungu da gashin baki shika laluben abinci a ƙasa. Ka shimfiɗa mai tsakuwa, kwana bakwai ya goge, ya koma irinka, fuska sul kamar bayan ƙwarya."

"Gemuna yana nan tafe."

"Tun bara shika tafe. A ƙasa ya taho?"

Nan dariya ta kama ni har rariyar ta suɓuce mani.

Gazali ya ce, "To na ji. Ga masu gini can bayan layi, in roƙo yashi kwano guda."

"Mai siminti da fitsarin jakai? Rairayi ɗaya ne duniya, na rafin bayan garinmu. Ka sa ni mota gobe in ɗebo ma, jibi in dawo."

"Jibin wace shekara?"

"Ji ɗan nema!"

"Na san ki, amarya. Kina taka Fakku za ki shige ɗaki ki ce a gaya wa likita kin yi tafiya."

Ba ta musa ba. Ta dai juya fuska wajen akwatin. Akwai ɗan ruwa a ciki, rana ta karkato ta ratsa gilashin, haske yana ta rawa a bangon ɗaki. Muryarta ta yi ƙasa.

"Kai ba ka san shi ba. Akwai wata kanya inda rafin ya yi kwana. Ƙarƙashinta rairayin fari ne tas, kamar an tankaɗe gari, da wasu 'yan ƙyalli-ƙyalli a ciki. Muna 'yan mata sai mu aje tulu mu tsoma ƙafa. Ruwan bai ɓoye komi. Ka tsaya shiru, sai ga su sun taho suna sumbatar yatsunka. Kuma kowane kifi biyu ne, shi da inuwarshi, tana bin shi a ƙasa, in ya juya ta juya. Wata rana inuwar nika kallo har a aiko nemana." Ta ja numfashi. "Bisa tsakuwa inuwa karyewa takai. Kifi ya zama shi kaɗai."

Gazali ya kamfato jan kifi ɗaya a kofin gilashi, ya ɗaga saitin fuskarta.

"Mi kika gani?"

"Wani ja-ja. Kamar garwashi bayan labule."

"Yana da wutsiya kamar mayafin amarya, Dada. Yanzu haka ke shika kallo."

"Ya ga kyakkyawa."

"Ya ga dai abin tsoro, ga shi yana ja da baya." Ya mai da kifin bokiti. "To na yarda, kin ci. A bar tsakuwa. Ni za ni Fakku gobe bisa babur in ɗebo."

"Kai? Na mashayar shanu za ka kwaso."

"Awo. Ko ma in tsaya nan bayan tasha in cika buhu, in zauna in sha fura, in dawo in ce na gindin kanya ne. Ya za a yi ki gane?"

"Hannuna ya san shi."

"Hannu ya san laushi. Ya san fari? Ya san ƙyalli? In na ce maki ga inuwar kifi nan tana yawo, ki ce Allah ya yi albarka, alhali bisa yashin tasha take."

"Za ka iya, ja'iri. Kakanka ma haka ya kawo mani atamfar da ta zuba."

Ta hau murza bakin zanenta. Ni har na fara tausayi, na buɗe baki zan sa baki, sai ta riga ni.

"Ruwaida, yau wace rana?"

"Lahadi, Dada."

"Saura ukku ke nan." Ta nuna Gazali da yatsa, ko da yake turmi ta nuna, shi yana gefe. "To a kankare idon. Ba don kifinka ba, don in kama ka da ƙarya. Ka ɗebo, ka wanke shi sau bakwai, kada ka zuba sai na duba da kaina."

"Alhamdu lillahi! Amarya ta..."

"Ban gama ba. Shekara biyar rabon da in ga fuskar da nika aure. In an kwance mani ido na tarar ka ƙara muni, nan bakin asibitin za ka ba ni takardata."

Ta fashe da dariya, haƙoran nan biyu a waje, har da share hawaye da bayan hannu.