Yaƙin Rigar Tanki, ko Fitar Dayyabu Neman Takwara

Da sunan Mai sama muke buɗe wannan babi, babin gwarzon maza Dayyabu ɗan Ilu ɗan Tankari: jikan wanda ya kwana a kan tsamiya yana tsare gari daga kura, gari ya waye aka ga ɗan maraƙi ne; ɗan wanda ya ɗaura niyyar zuwa Kano a keke, ya dawo a bayan akori-kura rungume da keken. Shi kuwa Dayyabu, Allah ya ja zamaninsa, shi ne Sarkin Wankin Hula na bakin kasuwar Kazaure, mai kifa huluna arba'in a kan gwangwani kafin azahar, fatahin dauɗa, dodon maiƙo, wanda sabulu ke narkewa don tsoronsa.

Amma duk wannan ɗaukaka, akwai miki a zuciyar sadaukin. Shekararsa arba'in da uku, kaf danginsu babu wanda ya taɓa yi masa takwara. Ana haihuwa, ana yanka raguna, ana raɗa sunayen mutanen da ko burushi ba su iya riƙewa ba, shi ko sau ɗaya. Abin yana cinsa ƙwarai, ko da yake ba ya faɗa.

Sai ga bushara daga Azare: ƙanwarsa Zulai ta sauka lafiya, an sami namiji. Mijinta Malam Tasi'u, mutum marar wasa, ya kira shi a waya ya yanke hukunci: "Suna biyu ne a bakina, naka da na ƙanena Safiyanu. Ba ka zo bikinmu ba, ba ka zo sunan fari ba. In na sallame asuba ranar suna na gan ka a kan tabarma, yaro Dayyabu ne. In ban gan ka ba, kada ka zarge ni."

Kwana shida cif ke gaban gwarzon, kuma kullum da safe mota na tashi. Matarsa Indo ta shiga ɗaya ran kwana na uku, ta isa kafin la'asar ba tare da an buga mata tambari ba. Shi fa? Ina! Yaya za a ce mai suna sukutum ya isa a matse tsakanin buhun albasa da kwandon kaji? Ya dubi sabon babur ɗinsa wanda ko ledarsa bai ɓare ba, ya rantse a kansa zai keta dare, ya faɗa Azare da ketowar alfijir, domin jariri ya buɗe ido ya ga irin mutumin da zai gada.

Nan aka shiga shirin yaƙi. Ya durfafi layin masu kayan babur da azama da hamasa, ya yi musu ƙawanya kwana biyar babu sassauci. Tsohon makanikin layin, Malam Hudu, ya jera masa abin da matafiyin dare ke bukata: fulogi, tib, famfo, kayan faci da ɗan galan na mai. Dayyabu ya dube su ɗai-ɗai kamar an miƙo masa tuwon jiya. Wa zai ga fulogi a cikin aljihu ya yi kabbara? Ya ture su, ya daka tsawa: "A kawo na gani!"

Aka kawo. Ya ci fitilu tara da yaƙi, ja da kore da shuɗi, masu ƙiftawa. Ya kama madubai huɗu, biyu na kallon baya, biyu na kallon kansa. Ya ƙwato hon mai kukan tirela, da tuntaye masu geza, da hular kwano wadda ya gwada goma sha ɗaya kafin ya sami mai ɗaukar kansa da zanna-bukar a ciki, don ya ce Sarkin Hula ba ya tafiya kai ba hula. Ya haɗa da baƙin tabarau, a tafiyar da za a yi ta cikin duhu, da takalmin ruwa irin na masu noman shinkafa.

Sa'an nan aka zo ga babbar ganima, wadda saboda ita aka rubuta wannan tarihi: rigar tanki. Karammiski ne ja wur, ya sa maɗinki ya tsara masa DAYYABU da zaren zinariya daga wannan gefe zuwa wancan, manya-manyan baƙaƙe, ya kwana biyu a kansa yana gyara masa hannu. Da aka ɗora, sai tsakiyar sunan ta faɗa daidai kan murfin tanki. Maɗinki ya ɗauko almakashi zai huda, gwarzo ya cafke masa hannu.

"Sunan nawa za ka yanka? Sunan da za a raɗa gobe?"

Ba a huda ba. Kuma don kada iska ko ɓarawo su yi masa ƙwace a hanya, ya sa aka shafe cikinta da gam, aka ɗinke ta ta ƙarƙashi da zaren takalmi. Malam Hudu ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna ba a tambaye shi ba, ya koma kan aikinsa.

Ranar jajibirin suna bayan magariba rundunar mutum ɗaya ta motsa. Fitilu tara suka kama, hon ya yi ruri, awaki suka watse, masu shayi suka miƙe tsaye. "A ba maza hanya!" in ji shi, alhali babu kowa a hanyar. Ya ratsa gari sau biyu don wanda bai gani ba ya gani, kana ya sauka a gidan man da ke bakin gari.

A nan maza suka gamu da gamonsu. Mai zuba mai ya zagaya babur da bututu a hannu, ya laluba, ya rasa ƙofa. Ya zaro reza ya miƙa masa. Dayyabu ya dubi rezar, ya dubi zinariyar tana walƙiya a ƙarƙashin lantarki, ya tuna jaririn da ke jiransa a Azare, zuciyarsa ta rabu biyu. Wallahi a wannan lokaci da ɗan yanka kaɗan ya wadatar. Sai ya kama babur ya girgiza, ya kara kunne, ya ji ɗan ƙulum-ƙulum a can ƙasa.

"Akwai mai! Wannan ya kai ni Azare ya dawo!"

Ya kai shi kilomita goma sha huɗu. A gindin wata kuka babur ya yi tari uku ya cika. Fitilu tara suka cinye batir suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya biyo baya marubuta tarihi sun taƙaita shi saboda kunya: turi ne, cikin takalmin ruwa da hula biyu, har aka kira assalatu.

Rana ta ɗaga ya iso rumfar wani ɗan bumburutu. Mutumin bai nemi izini ba, bai san tarihi ba. Ya sa wuƙa ya fafe tsakiyar karammiskin kamar mai fafe ƙwarya, ya kafa mazurari. Ana cikin zubawa waya ta yi ƙara. Zulai ce.

"Yaya, ni na roƙi Malam ya jinkirta har hantsi. Na shimfiɗa maka darduma kusa da liman, na hana kowa zama. An raɗa. Safiyanu ne."

Fatahin dauɗa ya mayar da wayar aljihu. Ya cire hular kwano, ya cire ta cikin, ya tsaya kai ba hula a bakin titi, hawaye na bin ƙasan baƙin tabarau. Mai bumburutu ya gama, ya waiga neman tsumma, ya tsinci guntun jan ƙyallen mai zaren zinariya a ƙasa. Ya goge mazurarinsa da shi ciki da waje, ya ga yana shan mai sosai, ya rataye shi a ƙusa don gobe.