Zanen Iya Ya Koma Ƙunzugu

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Ke fa, ya gajiyar kuka?"

"Wa ya yi kuka? Ɗana ne ke kuka, ba ni ba."

Tsohon tela ya leƙo jikarsa ta saman tabarau. Idanun nan nata sun yi jawur, amma ya yi kamar bai gani ba. Tun tana tsumma yake kiranta Sarkin Kuka, ga shi yau ta shigo ɗakin ɗinkinsa da nata jaririn a kafaɗa yana tsala ihu. Keken ɗinki na lungu a lulluɓe. Tun rasuwar matarsa Iya, wadda ta reni yarinyar nan, bai ƙara taka shi ba.

"Tsoho, ina saƙona?"

Ya zaro ɗan kwalin man shafawa daga aljihu. "Ga shi, mara kunya. Ni da furfurata na tsaya ina sayen maganin ɗuwawu! Mai kemis ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, 'Baba, Allah ya sawwaƙe.'"

"Ai bai yi laifi ba. Kai ma ka kusa komawa ƙunzugu."

"Ni? Ni da na ɗinka miki naki da hannuna? Ke da maƙwabta suka riƙa tashi saboda bakinki!"

"Minsharinka ne ya kore su, kowa ya sani."

Ta kwantar da jaririn a kan teburin yanka, ta kwance masa ƙunzugun roba. Tsoho ya matso ya duba. Wayyo, fatar yaron ta yi ja zur har cikin matsematsi, ga ƙananan ƙuraje sun watsu a gefe-gefe.

"Na zuba hoda, na shafa basilin, sai ƙaruwa yake," in ji ta. "Nas ta ce ba gogar ƙunzugu kaɗai ba ce, wata 'yar'uwar makero ce ta shiga, mai son danshi. In wanke da ruwa, in bari ya bushe, in shafa wannan kaɗan-kaɗan safe da yamma. Ko jan ya tafi kar in daina sai kwanakin sun cika. Kuma in bar shi ya sha iska."

"Iska? To, gado ne. A kan teburin nan Iya ke shanya ki tsirara. Wata rana kika jiƙa yadin wani ango sharkaf."

"Ƙarya kake, Tsoho!"

"Da turarenki ya yi aure."

"Shi ya sa auren ya yi albarka."

Ta wanke hannu, ta goge yaron a hankali da ruwan ɗumi, ta jira ya bushe, ta lakato man. Ta shafa masa kaɗan-kaɗan. Can sai muryarta ta yi ƙasa.

"Da Iya na nan, da kallo ɗaya ta gane. Ni ina ta zuba masa hoda yana wahala. Anya na iya uwa kuwa?"

Maganar ta soki tsoho, don shi ma kullum sai ya ce da Iya na nan. Ya ja ƙafa zuwa akwatin da ke ƙarƙashin gado, ya ɗauko wani tsohon zanen auduga da wanki ya cinye har ya yi laushi tiɓis. Ya ɗauki almakashi.

"Kai, Tsoho! Zanen Iya ne fa! Wanda ko taɓawa ba ka bari a yi!"

"Yi mini shiru. Robar nan taki ba ta numfashi. Kuma Iyar da kike yabo, ranar da kika yi irin ƙurajen nan zama ta yi a ƙofar nan tana kuka. Sai da aka koya mata, kamar yadda aka koya miki."

Ya yanka zanen gida-gida, ya yaye mayafin keke, ya hure ƙura.

"Ƙafar taka za ta iya kuwa?"

"Ƙafar da ta ciyar da ke har kika yi wannan bakin?"

Keke ya ɗauka, ƙar-ƙar-ƙar. Ikon Allah, jariri ya yi tsit, yana wutsil-wutsil da ƙafafu a iska. Haka uwarsa ma take yi a da.

Tsoho ya daje bakin na farko, ya miƙe yana taƙama, ya sunkuya ya nuna wa yaron. "Ka gani, maigida? Aikin gwani."

Maigida kuwa ya saki fitsari tsiiit, a gaban rigar tsoho.

Jikar ta riƙe ciki tana dariya har da durƙusawa. Tsoho ya dubi rigarsa, ya dubi zanen da ke hannunsa, shi ma ya tuntsire har hawaye suka jiƙa masa tabarau.

"Iya, kin gani? Sun sake." Ya miƙa mata ƙunzugun. "Ungo, Sarkin Kuka, na sallama. Gobe ki dawo da shi ya sha iska, sauran na nan kan keke."