Rasuwar Kalkuleta, Abokiyar Ma'ajin Matan Gangara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, ni Inna Marwa, ma'ajin ƙungiyar mata masu tuyar ƙuliƙuli a Gangara, nake sanar da rasuwar Kalkuletata, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Litinin a kan teburin banki a garin Agiye.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Duk abin da na danna mata, "tit" kawai take cewa. Ba ta taɓa kai zancena gidan Laraba ba, inda labari ba ya kwana.

Ciwon ajalinta ya soma ne ranar da takardar banki ta ƙi haɗuwa da littafina. Littafi ya ce muna da kuɗi, banki ya ce ina suke? Aka riƙe mana bashin sayen gyaɗa, Laraba kuma ta soma tambayar mutane da me na sa kwanon rufi a ɗakina. Na rantse laifin marigayiya ne, ita kuwa ba ta musa ba.

Lubna sakatariyarmu, mai ilimin lakol, wato boko, ita ta gano cutar. Ashe kuɗin da ya shigo da sefa nake rubuta shi, yadda banki ke faɗa. Wanda ya fita kuwa da dala, yadda muke ciniki a kasuwa. Marigayiya ta haɗiye duka ba tambaya. To, dala ɗaya sefa biyar ce, sai Lubna ta hau ninka kowane layin dala sau biyar, tana danna biyar, tana danna biyar, har lambar ta nutse. Lissafi ya haɗu cif, baiwar Allah ta yi "tiii", ta cika. Ta wanke ni daga sata, ta bar ni da wauta.

Ta bar littafi mai kankare-kankare, biro biyu, ɗaya ba ya rubutu, da ni, wadda ba ta da sauran wanda za ta ɗora wa laifi.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan la'asar, a bayan rumfar tuya. Laraba tana iya zuwa, amma ta zauna nesa. Mai niyyar gaisuwa da ɗan abin hannu ya miƙa wa Lubna. Tun jiya makullin akwatin kuɗi yana wuyanta.