Ranar Da Na Warkar Da Yarinyar Cikin Littafi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsaya gaban 'yan mata cike da aji na shara ƙarya ba, kuma wadda ta kama ni ba ta wuce shekara goma sha biyar ba. Abin da ke gabana a ranar shi ne littattafan labari ɗari da ashirin, da alkawarin cewa idan makarantar ta gamsu da su, ni zan riƙa kawo mata komai, daga alli har littafin rubutu, tsawon shekara uku. Ga mai shago ɗaya tal a unguwar Hausari, wannan ba abin wasa ba ne.

Madam Saratu ce ta kawo mini cinikin. Malama ce a wata makarantar 'yan mata da ke Galtimari, mutuniyar Biu, ba ta iya kewaye-kewaye ba. Ta ce, "Alhaji, yawancin ɗalibaina rikici ne ya koro iyayensu daga ƙauye. Akwai marayu, akwai masu lalurar ƙafa ko ido. Labaran matasa nake so, waɗanda yarinya za ta buɗe ta ga irinta a ciki. Amma don Allah ka karanta kafin ka zaɓa."

Na ce, "Haba Madam, ai aikinmu ne."

(Tsakanina da ku, ni littafi a hannu nake auna shi. In duba kaurin takarda, in ja bango in ga ko gam ya kama, in kalli hoto. Shekara ashirin ke nan, kuma da haka na yi rufin gidana a unguwar Ajilari.)

Sai na zazzage kwalayen da suka zo mini daga Kano. Duk bangon da na ga yarinya ta yi tagumi, ko tana hawaye, ko ta ɗauko ƙunshin kaya a ka, in ware shi gefe. Wanda ake dariya kuwa in mayar da shi kwali. A tunanina, wanda ya sha wahala labarin wahala yake nema. Kafin la'asar na gama, na loda a keke mai ƙafa uku aka kai.

Bayan sati uku aka gayyace ni bikin buɗe ƙungiyar karatunsu. Na sha babbar riga, na karya hula, na fesa turare. Aka ce in yi jawabi. Da na ce na gode na zauna, da shi ke nan. Amma bakin ɗan kasuwa ba ya ganin taro ya yi shiru. Na ce ɗaya bayan ɗaya na karanta littattafan nan, har wani ya sa ni hawaye. Na ɗago wanda ke saman tarin littattafan, mai hoton yarinya ta dogara sanda, na ce, "Musamman wannan."

Wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu. Falmata sunanta, ga sandarta jingine da benci.

"Baba, ina ne ya fi burge ka?"

"Ƙarshen mana, 'yata."

"Me ya faru a ƙarshen?"

Na kalli bangon, bangon ya kalle ni. Sai na ce wani attajiri ya tausaya mata, ya kai ta asibiti a ƙasar waje, aka yi mata aiki, ta dawo tana tafiya garau, ta jefar da sandar. (Har da hannu na nuna yadda ta jefar.)



Falmata ta ce, "Baba, ba ta warke ba fa. Gasar muhawara ta ci, kuma da sandarta ta hau dandamali ta karɓi kyautar. Shi ya sa na karanta shi sau uku."

Wata daga baya ta ce, "Ko dai na Baba daban aka buga masa?"

Dariya ta ɓarke. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na ce wataƙila bugu na biyu ne nawa. Madam Saratu ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta sai rawa suke yi.

Wata kuma ta miƙe ta ce, "Baba, sauran duk kuka ne daga farko har ƙarshe. Kukan ai mun san shi, daga gida muka taho da shi. Ba ka da wanda yarinya irinmu take yin wauta a yi dariya?"

Gumi ya jiƙa mini hula har ta sauya launi.

Da aka tashi, Madam ta ce, "Alhaji, littafin Falmata sa'a ce kawai ka taka." Ta sa sharaɗi: Falmata da ƙawayenta biyu su zo shagona ranar Asabar su zaɓa da kansu. Suka zo, suka zauna kan kwali suna buɗawa shafi-shafi, suna gardama rabi Hausa rabi Kanuri, ni ina miƙo musu ruwan sanyi kamar baƙo a shagona.

Ga yadda aka tashi: littafi saba'in da biyar aka dawo mini da su, shekara uku ta koma ɗaya, kuma har yau in 'yan makarantar suka wuce a keke sai su leƙo su ce, "Baba Likita, ya asibiti?" Riba ɗaya na ci: yanzu in aka tambaye ni yadda labari ya ƙare, sai in ce, "Saya ki gani."