Ƙwallo Mai Tauri ta Alhaji Barau

Wani ne a tashar Birnin Kudu, kwandasta. Ya daɗe yana rataye a ƙofar bas yana "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Waɗanda ya koya wa aikin duk sun zama direbobi, wasu har aikensa suke yi ya sayo musu goro. Ba shi da wani buri a duniya da ya wuce ya ga kansa a gaban sitiyari. Tuƙi kam ya iya. Kan ne dai sai a hankali.

Maigidansa, Alhaji Barau mai motocin haya, likita ya ce masa ya riƙa motsa jiki. Sai abokansa na Kano suka koya masa wasan nan na manya, golf, wanda ake dukan 'yar farar ƙwallo da sanda a bi ta a ƙasa. Bayan an cire amfani ya sa aka share masa gonarsa ta Kangire, nan suke haɗuwa da amininsa Alhaji Iliyasu na Gwaram. Abin haushi, duk bugun da za a yi, ƙwallon Iliyasu sai ta wuce tasa. Ga Iliyasu da baki.

"Barau, in sa a damo maka kunu ne ka samu ƙarfi?"

Rannan Alhaji Barau ya kira mutumin naka a gaban 'yan tasha.

"Kai, zo nan. Na gano sirrin mutumin Gwaram. Ƙwallonsa ce mai tauri, tawa kuwa kamar dafaffen ƙwai. Ka tafi Kano ka nemo mini wadda ta fi kowace tauri. Ranar da buguna ya wuce nasa, makullin sabuwar bas naka ne. Ga jama'a nan shaida."

Don murna ko takalminsa bai tsaya ɗauka ba.

A Kano ya sha yawo. Aka nuna masa ƙwallon ƙafa, aka nuna masa ta tebur, har wani ya so ya sayar masa da kafur. Da ƙyar ya samu kantin da ake sayar da kayan wasan. Mai kanti mutum ne mai haƙuri, da ya ji aiken wani Alhaji ne ya jero masa kwalaye.

"Ka ga, Malam, kowace da lambarta. Idan sanda ta dake ta, takan ɗan lotsa, sannan ta miƙe ta tashi. Mai ƙaramar lamba lotsawarta da sauƙi, laushi ma za ka ji a hannunka. Mai babbar lamba, irin ɗari, sai mai damtse, wanda sandarsa ke kuka a iska. In mai ƙaramin ƙarfi ya dake ta zai ji kamar tsakuwa ya daka, kuma nan kusa za ta faɗi. Alhajin naka shekarunsa nawa?"

"Ina ruwanka da shekarunsa? Ƙanwarka za ka ba shi?"

"Allah ya ba ka haƙuri. In dattijo ne, mai laushi za ta fi yi masa nisa."

"Mai laushi? Mutumin da ya ɗaga bayan akori-kura shi kaɗai aka canja taya?"

"Yaushe ke nan?"

"Kafin a haife ka. Ba ni mai ɗari."

Aka ba shi. Amma har ya dawo Birnin Kudu maganar lotsawar nan tana cin ransa. Shi a saninsa na ɗan tasha, duk abin da ke lotsawa iska ce ta yi masa kaɗan. Sai ya ajiye ƙwallon a bayan tayar bas, ya kwanta rub da ciki, ya ce wa direba ya yi baya a hankali. Taya ta hau. Da idonsa ya ga ƙwallo ta ɗan baje.

"Innalillahi! Bakano ya cuce ni!"

Ya zarce wajen mai faci.

"Ƙara mata iska."

Mai faci ya juya ta nan, ya juya ta can. "Ta ina? Ina bakin?"

"Ga ramuka nan fal a jikinta, ka zaɓi ɗaya mana."

"Malam, wannan ba ta shan iska."

"To yaya zan yi ta daina lotsawa?"

Mai faci ga aiki a gabansa, so yake kawai ya rabu da shi. Ya ce, "Ni dai a garin nan abin da na san ba ya lotsawa dutse ne."

Mutumin naka ya kama hannun mai faci da hannu biyu ya ce, "Allah ya ƙara basira."

Bai zame ko'ina ba sai wajen masu fasa dutse a bayan gari. Ya samu wani dattijo, Baba Hambali, ya miƙa masa ƙwallon ya ce irinta yake so, ba ƙari ba ragi. Baba Hambali bai tambayi dalili ba, ya sha ganin abin da ya fi haka. Ya sassaƙa, ya goge, ya bi ta da ƙusa ya yi mata ramuka. Aka shafa farin fenti. Da ya bushe mutumin naka ya ce ai ba a barin ta ba lamba, ya rubuta mata dubu. Ya sake kai ta ƙarƙashin bas. Wannan karon tayar ce ta lotsa.

Ranar wasa gonar Kangire ta cika. 'Yan tasha sun zo, mutanen Gwaram sun zo, har masu kiwo sun tsaya kallo. Alhaji Iliyasu ya fara. Ƙwallonsa ta tashi ta sauka can gindin wata ɗorawa.

"Bismilla, Barau. Ko a matso maka da ɗorawar?"

Alhaji Barau ya miƙa hannu a ba shi sabuwar ƙwallo. Mutumin naka ya maƙe kafaɗa.

"Kar ka taɓa, ranka ya daɗe. Irin wannan ba ta son hannu."

Da kansa ya durƙusa ya ɗora ta a kan ɗan tsinken da ake ɗorawa. Tsinke ya nutse a ƙasa. Ya tara ƙasa ya sake ɗorawa.

"Lamba nawa ce?"

"Dubu."

"Dubu! Iliyasu, yau za ka sha kununka."

Alhaji ya naɗe hannun riga. Ya gyara tsayuwa, ya cije leɓe, ya tattaro duk haushin da ya daɗe yana haɗiya, ya ɗaga sanda ya sauke.

Ƙau!

Hular Alhaji ta yi gefe. Kan sandar ya fita fit, yana juyi a sama yana walƙiya, ya wuce ɗorawa, ya wuce shanu, ya faɗa can cikin fadama. Ƙwallo kuwa ta mirgina taki ɗaya ta tsaya, fenti ya ɓare, ga baƙin dutse yana kallon kowa.

Alhaji Barau ya tsaya da guntun sanda a hannu. Alhaji Iliyasu ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya har da hawaye.

"Kai!" in ji Alhaji Barau. "Dutse? Dutse ka sa na daka a gaban mutanen Gwaram?"

Mutumin naka ko kallonsa bai yi ba. Ya kare ido da hannu ɗaya yana hangen fadama, ɗaya hannun kuma ya miƙo shi a buɗe.

"Ranka ya daɗe, kawo makullin. Wallahi mun wuce shi."