Askirim Mai Yauƙi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jaririyar Yaya Bilki.

Daga Funtuwa aka kawo ni Doha in taya ta jego, tunda Inna ba ta iya doguwar tafiya. Gidansu yana Wakra, kusa da Doha, a wani bene da ba ka jin motsin kowa. Bizar ziyara gare ni, kuma ta kusa ƙarewa. Yaya ta daɗe tana lallaɓa mijinta, Abban Hanif, ya sabunta mini ita in ƙara zama har in shiga kwas ɗin kwamfuta, shi kuwa iyakar abin da ya ce, a bari a ga hankalina tukuna. (Injiniya ne, mai shiru. In ya kalle ka ta saman tabarau sai ka fara tuno laifukan da ka yi tun kana firamare.) Don haka a tsorace nake zaune. Ko cokali ne ya suɓuce mini sai in ce shi ke nan, na ga Funtuwa.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce 'yar Siriya, Ummu Samir, da ke zaune wurin ɗanta. Ita ta riƙa duba Yaya tun kafin in zo. Ba ma jin juna ni da ita. Larabcin Islamiyyata bai wuce gaisuwa ba, nata kuma kamar ana kora shi da gudu. Ranar sunan, da hantsi, ta shigo da wani faranti mai zurfi a rufe, ta miƙa mini da hannu biyu, ta nuna firiza ta ce, "Buza, habibti. Yalla." Na gyaɗa kai kamar na gane.

Firizar cike take da naman suna, sai na ajiye farantin a kan kanta da niyyar in gyara masa wuri. Ga waina a tanda, ga baƙi suna buga ƙararrawa, ga Hanif yana jan zanena. Na manta da shi shaf. Da na tuna, ban san tsawon lokacin da ya yi a zafin kicin ba. Na cusa shi tsakanin ledojin nama na yi shiru da bakina.

Bayan la'asar falo ya cika da mata, likitoci da matan malaman jami'a, wasu tun daga Umm Salal. An ci an ƙoshi, sai Yaya ta ɗaga murya ta ce, auta, a kawo askirim ɗin Ummu Samir.

Na buɗe farantin. Fari ne tas, an naɗe shi kamar tabarma, an lulluɓe shi da wata koriyar gyaɗa da suke ce wa fustuƙ. Na sa cokali na ɗaga, abu ya biyo cokalin. Na ƙara ɗagawa, ya ƙara biyowa, bai tsinke ba, sak miyar kuɓewa ɗanya. Na kai hanci, na ji wani ƙamshi-ƙamshi kamar na turaren wuta.

To a gidanmu, abubuwan da aka yarda su yi yauƙi sanannu ne, kuɓewa da karkashi da lalo. In wake ya kwana ya yi yauƙi, ko shinkafa, Inna ko akuya ba ta bari a ba. Balle madara. Nan take na yanke hukunci, na bar abin mutane a zafi ya lalace. Kuma na taɓa ji ana hira cewa a ƙasar nan in abinci ya ɓata wa jama'a ciki, magana har wurin 'yan sanda take kaiwa. Ban san ko gaskiya ne ba, amma a tsaye a kicin ɗin nan har na hango motar asibiti a ƙofar bene, likitocin cikin falo a kwance suna riƙe da ciki, ni kuma a filin jirgi da akwatina.

Bango ɗaya ne tsakanina da Yaya. Da na leƙa na ce ta zo ta gani, da magana ta ƙare. Amma in na kira ta sai na faɗi cewa na manta da shi a waje, ni kuma gaskiyar da nake gudu ke nan.

Ga abin da na yi, kuma Allah ya sa ku yi mini uzuri. Na kankare koriyar gyaɗar nan, na ɗauraye ta a rariya. (Ku dubi hankali. Abu ya lalace, amma gyaɗar kansa ta fi ƙarfin zubarwa.) Sauran na juye a leda, na ƙulle, na tura can ƙasan kwandon shara, na rufe da ɓawon albasa. Na ɗauko robar askirim ɗin kanti da ake saya wa Hanif, na zuzzuba a kofuna, na barbaɗa gyaɗar a kai. Har wani daɗi na ji, wai ni mai dabara.

Na raba, na koma bakin ƙofa na tsaya. Akwai wata Maman Walid da ta yi karatu a Sudan, wadda ba ta barin damar nuna Larabci ta wuce ta. Ta zauna kusa da Ummu Samir ta buɗe mana aji. Ta ce wannan ita ce buza, asalinta ƙasar Sham. Ta ce kowace ƙasa da nata, Italiyawa suna da jelato mai laushi, Indiyawa suna da kulfi da ake dafa madara har ta yi kauri kafin a daskarar, amma ta Sham daka ta ake yi da taɓarya kamar fura. Ta ce ita ta sha sha a kasuwar Souq Waqif, don haka ba a yi mata ha'inci.

"Kun san yadda ake gane ta gaskiya?" in ji ta. "Sai ta yi yauƙi. Ku duba."

Ta ɗaga cokalinta sama. Babu abin da ya biyo shi. Ɗigo ɗaya ya sauka a kan leshinta.

Ummu Samir ta ɗanɗana nata, ta ajiye cokalin a hankali, ta yi wata gajeriyar magana. Maman Walid ta fassara.

"Ta ce fustuƙ ɗin dai nata ne."

Duk falon ya juyo gare ni. Yaya ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Auta, ina na cikin farantin?"

Na ce, "Ya lalace, Yaya. Yauƙi yake yi."

Sai dariya ta ɓarke. Wata likita sai da ta ajiye kofinta ta riƙe haƙarƙari. Wata ta ce a taimaka a ɓoye mini cuku da cingam kafin su ma su bi. Maman Walid ta fassara wa tsohuwar, har da kwaikwayon jan cokali. Ummu Samir kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce a nuna mata.

Haka na shige gaba, mata suna biye da ni, na tsuguna gaban kwandon shara ina tone ɓawon albasa. Na ciro ledar. Ummu Samir ta kwance, ta sa yatsa ta ja, abin nan ya biyo yatsanta, lafiyarsa ƙalau. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, Maman Walid tana mayar mana, ita ma muryarta ta sauka. Ƙamshin na ƙaron wata bishiya ne da ake sakawa da gangan. Yauƙin kuma na wani gari ne, sahlab, da ake yi da saiwar wani fure. 'Yar'uwarta ce ta ba ta shi ranar da za ta baro gida, ta riƙa tattalinsa, wannan ne ragowar, ta ajiye shi sai ranar farin ciki. Tun jiya take fito da kwanon daga firiza tana daka tana mayarwa.

Na durƙusa a gabanta kamar yadda ake ba babba haƙuri a wurinmu. Ita ba ta san haka ba, ta zaci suma zan yi, ta kamo ni tana cewa, "Khalas, habibti, khalas," wai ya wuce. Ta share mini hawaye da hannun da ta taɓa buzar, fuskata ta yi danƙo.

Kafin baƙi su gama watsewa na fara ninke kayana. Bayan magariba Abban Hanif ya aiko a kira ni. Ya tambaye ni me ya hana ni tambaya, na ce tsoro. Ya ce a wurin aikinsu wanda ya yi kuskure ba ya ba shi tsoro kamar wanda ya binne shi. Sannan ya ce ɗan Ummu Samir ya tare shi a masallaci da saƙon mahaifiyarsa, wai kada a taɓa mata yarinya. Saboda ita zai sabunta bizar, ba don halina ba, kuma in shirya mu je neman garin.

Mun zaga shagunan kayan ƙamshi a Souq Waqif har muka samo wani a kwali. Na kai wa Ummu Samir da kaina. Ta buɗe, ta shinshina, ta murza a yatsa, ta yi murmushi ta ce shukran, ta ajiye shi a saman kabad. Ɗanta ya gaya wa Abban Hanif cewa yawancin na kwali sitaci ne da sukari. Ba ta sake yin buza ba. Kullum muka haɗu tana shafa kaina, ni kuma sai in rasa inda zan sa idona.

Abin da na koya, a ƙasar mutane bakinka ya riga hannunka. In kuwa ka ƙi ji, ka yanke wa abincin wani hukuncin shara, to ka zubar da shi duka. Gyaɗar da ka ji tausayinta ka wanke, ita za ta ba da shaida a kanka.