Rasuwar Hajiya Tabarau ta Garejin Ƙofar Ruwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda fiye da rabinsa takaici ne zalla, garejin gyaran Adaidaita Sahu na Malam Nata'ala da ke Ƙofar Ruwa yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tabaransa na koyar da gyara, da aka fi sani da Hajiya Tabarau. Ta cika ranar Talatar da ta gabata da hantsi, a kan fuskar Garba, ana tsakiyar aiki.

Ga wanda bai san marigayiya ba, tabarau ne mai kauri, mai batir a ƙeya. Idan mutum ya saka ya dubi inji, zai ga injin kamar kullum, sai dai za a zana masa koriyar kibiya a kan notin da zai kwance, ga wani hannu na haske yana juya sifana, shi kuma ya bi. Muryar mace ke magana a ciki, shi ya sa aka naɗa ta Hajiya.

A kakar zaɓe ta zo garejin, a hannun wani ɗan majalisa da ya saka ta aka yi masa hoto, ya shiga mota ya tafi. Malam Nata'ala bai ko dube ta ba a lokacin. Mutumin da ya riƙe sifana tun zamanin soja, me gilashi zai nuna masa? Sai Allah ya jarrabe shi da ciwon da ya bar masa hannun dama yana rawa. Sanin yana nan a kansa daram, hannu ya ƙi. Gyara kuwa da hannu ake koyar da shi, a ce wa mutum duba nan, a yi ya gani. Ya koma koyarwa da baki, bakin ya koma faɗa, masu koyo suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Garba da Ɗanjuma ne suka rage, magidanta, tsofaffin 'yan acaɓa da ba su da wata sana'ar komawa. Saboda su Malam ya haɗiye girman kansa ya ce a ciro ta daga kwali.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa zagin uwar kowa ba, ba ta taɓa jifan ɗalibi da sifana ba. Za ta ce, "Juya hagu." In Ɗanjuma ya juya dama, ta ce, "A'a, ɗaya hagun." Ko sau goma ne, muryarta ba ta tashi. Tana da nata rauni. In ta ga inda aka ɗaure da waya ko aka toshe da robar taya, sai ta ce, "Ban gane wannan ba." Malam Nata'ala kan amsa daga kan bencinsa, "To, ke ma zauna ki koya, nan Kano ne." Tsakaninsu, ita da hannu shi da ido, Garba ya iya birki, ya iya kuloci, har ya fara kai cefane gida da guminsa.

Ciwon ajali ya faro ne da wani ɗan zobe da ke juyawa a gilashin ba ya tsayawa. Aka kai ta wurin masu gyaran waya, suka buɗe, suka rufe, suka ce lafiyarta ƙalau. Ashe darussan ba a cikinta suke ba, suna can wata ƙasa a kwamfutar kamfanin da ya ƙera ta, kamfanin kuma ya karye yana kashe kayansa. Abin da ya fi ci wa Malam rai ke nan. Da faɗuwa ta yi, ko ɓarawo ya ɗauka, da ya san wanda zai tsine wa. An je ofishin ɗan majalisa, an ce Oga yana Abuja. An koma, an ce a bari sai zaɓe ya matso.

Ranar Talata ta ɗan farfaɗo, har aka yi murna. Ana da Adaidaitar 'Yardada a hannu, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata ita, da ita take ciyar da marayu. Giyar Adaidaitar ce ta lalace. Garba ya bi kibiya ya wargaza giyar tsaf, ya jera ƙarafan a kan buhu. Yana ɗaukar na farko zai mayar, muryar ta ce, "Ana neman hanyar sadarwa." Ta sake faɗa a hankali. Sai ta ɗauke ɗif.

Garba ya daɗe a tsugune da ƙarfe a hannu, sannan ya ce wa Malam, "Baba, kibiyar ta tafi."

Marigayiya ta bar Malam Nata'ala, da Garba da ya iya kwancewa bai iya mayarwa ba, da Ɗanjuma da har yanzu yake neman hagunsa. Ta bar caja ɗaya da ba ta shiga wayar kowa.

Za a naɗe ta a tsumma mai tsabta a sa ta a ƙasan akwatin kayan aiki ranar Asabar bayan La'asar. Ana karɓar gaisuwa a garejin, inda Malam ya sauko daga benci ya zauna a ƙasa kusa da Garba, yana nuna ƙarfe da tsinke, tsinken yana rawa, Garba yana tambayar wanne daga ciki. Duk mai zuwa ta'aziyya da ya san gyaran giyar inji, ya taho da kayan aiki, kada ya sa farar riga. 'Yardada ta riga ta shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa, ta ce ba za a tashi zaman makoki ba sai ta ji kukan injinta.